Babi na Tara: Saya wa Matashi Ƙaramin Kayan Wuta na Kicin

Wannan babi na iyaye ne da yayye da kawunnai da gwaggonni masu son yi wa yaro ko yarinya 'yan shekara 13 zuwa 19 kyautar abin aikin kicin mai amfani da lantarki. Abu biyu za mu duba, bilenda ta markaɗe da butar dafa ruwa. Ku karanta a hankali. Wanda bai gane layi ba ya sake karanta shi, ba a gaggawa a wannan aji.

Darasi na 1: Wanne za a saya?

Yarinyar da take taya uwarta girki, kullum ana aikenta wurin mai inji da robar tumatir da tattasai da attaruhu, bilenda ce ta dace da ita. Wanda zai tafi jami'a ko kwaleji, mai son ruwan shayi da ruwan kunu da sassafe, buta ta fi masa amfani. Amma kafin ku fitar da kuɗi ku tambayi makarantar, domin makarantun kwana da yawa sun hana kayan wuta a ɗakunan ɗalibai, kuma in aka kama ƙwacewa ake yi. Gidan da wuta ba ta zuwa sai jefi-jefi, kuma babu janareto, gara a saya wa yaron filas mai riƙe zafi.

Darasi na 2: Neman harafin V

Wannan shi ne darasin da ya fi kowanne, kuma a nan masu koyo suka fi tuntuɓe. Kada hakan ya dame ku. Harafin V ba ya cikin baƙaƙen Hausa da muka koya a farkon littafin nan, shi ya sa ido yake tsallake shi. Ga kamarsa: V. Layi biyu ne da suka haɗu a ƙasa, bakinsu a buɗe a sama. Ku rubuta shi sau biyar a littafinku yanzu.

Kowane kayan wuta yana da 'yar takarda da aka manna, ko rubutu da aka buga a ƙarƙashinsa. Ku kifa abin, ku duba gindinsa. Kwali ba shi ne shaida ba, domin ana iya sa kaya a kwalin da ba nasa ba. Jikin abin za ku duba. Za ku ga lambobi da yawa a jere, ku nemi wadda V take bayanta, ita ce ke nuna ƙarfin wutar da aka yi abin dominsa.

Wutar Najeriya da Gana 230V ce, ta Nijar 220V. Saboda haka in kun ga 220V, ko 230V, ko 240V, ko 220-240V, wannan namu ne, ku saya. In kun ga 110V ko 120V, na Amurka ne ko Kanada. In 100V ne, na Japan ne. Waɗannan in aka sa su a soket ɗinmu, wutar ta ninka abin da aka yi su dominsa, sai ku ji ƙauri, hayaƙi ya tashi, injin ya ƙone tun ranar farko. Irinsu suna da yawa a cikin kayan gwanjo, kuma sau da yawa sun fi kyau a ido, sun fi arha.

Ga hanya mai sauƙi. Ku sa yatsa a kan V, ku koma baya, ku ƙirga lamba uku. Ta farkon cikin ukun nan ita za ku duba. In 2 ce, ku saya. In 1 ce, ku ajiye.

Mu gwada tare. 230V: lambar farko 2, a saya. 120V: lambar farko 1, a ajiye. 110V: a ajiye. 220-240V: a saya. Mu koma ga wadda take ruɗa mutane: 120V. Akwai 2 a cikinta, amma a tsakiya take. Ta farko muka ce. Ku sake duba ta: 1, sannan 2, sannan 0. A ajiye ta. Madalla, wanda ya ci huɗu cikin biyar ya yi ƙoƙari.

Akwai kuma mai rubutun 100-240V. Wannan yana karɓar kowace wuta, amma an fi samunsa a cajar waya, da wuya ku gan shi a bilenda ko buta.

Mai shago zai iya ce muku, "Hajiya, ai sai a canza masa filogi kawai." Canza filogi ba ya canza V. Filogi baki ne kawai da ake sawa a soket. Abin da aka yi wa 110V yana nan a 110V ko an sa masa filogi mai ƙafa uku. Akwai ƙaramar taransifoma da ke rage wuta, amma wadda za ta ɗauki buta tana da nauyi da tsada, kuma yaro zai manta da ita wata rana ya sa abin kai tsaye. Ku bar shi kawai.

Yanzu ku rufe littafin, ku faɗa da baki: a kifa, a nemi V, a duba lambar farko.

Darasi na 3: Harafin W

Bayan V akwai wata lamba mai W a bayanta. W kun san shi, shi ne na "wuta" da "waya". Amma ku lura, yana kama da V biyu a manne, kuma masu koyo da yawa suna karanta 350W su ce V ce. Mai tsini ɗaya a ƙasa V ne, mai tsini biyu W ne.

Lambar W tana nuna yawan wutar da abin yake ci. Bilendar gida takan kasance tsakanin 300W da 600W. Ta 300W ta isa tumatir da albasa. In za a riƙa markaɗa jiƙaƙƙen wake na ƙosai ko alala, a nemi ta 500W ko sama. Buta kuwa tana cin 1500W zuwa 2200W, wato ta ninka bilenda sau biyu da rabi ko fiye. Ƙaramin janareton nan da ake zuba wa fetur haɗe da baƙin mai ƙarfinsa wajen 650W ne. Zai iya ɗaukar ƙaramar bilenda in an kashe sauran kaya, amma buta ba zai ɗauka ba, zai yi gurnani ya mutu. Masu mitar kati su sani, abu mai 1000W in ya yi awa ɗaya a kunne ya ci yunit ɗaya. Buta mai 2000W tana tafasa lita ɗaya da rabi cikin kamar minti biyar, wato tafasawa shida ke cin yunit ɗaya.

Kafin mu wuce: kun duba W, to kun duba V? Ku koma ku duba. Lambar farko 2 ce?

Darasi na 4: A shago

Ku ce wa mai shago, "Malam, don Allah a gwada min a gabana." In babu wuta ya tayar da janareto, in ya ƙi ku tafi wani shagon. A bilenda ku zuba ruwa rabin jug, ku rufe, a kunna, ku duba ko yana yoyo ta ƙasa. A ƙarƙashin wuƙaƙen akwai zoben roba, in babu shi ko ya tsage ruwa zai riƙa gangarawa cikin injin. A buta ku jira ta tafasa ku ga ta kashe kanta. Wadda ba ta kashe kanta, kada a ba yaro ita. Ku shafa wayar daga farko zuwa ƙarshe, kada a samu inda ta ɓare ko aka naɗe da salatif. Ku karɓi rasit mai kwanan wata, ku ajiye shi tare da kwalin.

Har yanzu akwai masu zuwa aji da abin da suka saya, a tambaye su lambar V su ce mai shago ya ce lafiya lau ne. Wannan sakaci ne. Mai shago ciniki yake nema, kuɗin kuma naku ne. An koya muku karatu don ku duba da idonku. Minti ɗaya bai kai ba a kifa abu a karanta lamba uku.

Darasi na 5: Ranar miƙa kyautar

Kada ku miƙa kwali ku juya. Ku zauna da yaron ku yi amfanin farko tare, kuma ku sa shi ya nemo V da kansa ya karanta muku.

Bilenda: a yanka kayan miya ƙanana, a fara zuba ruwa kamar rabin kofi, sannan tumatir, sannan tattasai da albasa. Kada a wuce layin da aka rubuta MAX, wato iyakar cikawa. A rufe, a dafa murfin da hannu, a kunna. Kada ta wuce minti ɗaya tana juyawa, a kashe ta huta, domin injin yana zafi kuma zafin ne yake ƙona shi. In ta tsaya tana ƙugi ba ta juyawa, kaya sun yi yawa ko wuta ta zo da rauni, a kashe nan take. Ba a zuba abu mai zafi, tururi yana cilla murfi ya watsa wa mutum a fuska. Ba a sa cokali ko hannu a ciki sai an zare filogi. Busasshiyar masara da gero na mai inji ne. In an ɗauke wuta ana cikin markaɗe, a kashe a zare, don kada ta tashi da kanta in an dawo da ita.

Buta: ruwa ya kasance tsakanin layin MIN, wato mafi ƙarancin ruwa, da na MAX. Ba a kunna ta babu ruwa. Ruwa kawai ake dafawa, ban da madara, ban da taliya. A sa ta a soket na bango, domin ƙaramin soket mai doguwar waya yana narkewa da ita. A ɗora ta inda ƙannen yaron ba za su jawo wayar ba.

Darasi na 6: Wankewa

A zare filogi. Jug ake wankewa, gindin mai inji gogewa ake yi da tsumma, ba a tsoma shi a ruwa. Farin dattin da yake taruwa a cikin buta, a tafasa ruwa da lemon tsami a ɗauraye.

Darasi na 7: In ya lalace

Kada yaro ya kwance shi. A kai wa mai gyara, ko a mayar shago da rasit.

Aikin gida: ku kifa kayan wuta uku a gidanku ko na maƙwabta, ku rubuto lambar V ta kowanne, ku kawo ranar aji mai zuwa.