Garin furotin da sabon mai ɗaga ƙarfe: kurakuran da aka fi yi

A wurin motsa jikin da nake zuwa da yamma akwai wani saurayi, bai fi shekara 22 ba, da ya sayi robar garin furotin, wato sinadarin abinci mai gina tsoka, tun kafin ya sayi takalmin atisaye. Sati uku da farawa na gan shi gaban madubi yana matsa damtse, fuska a ɗaure. Na ce, "Ƙanena, me ka ci tun safe?" Ya ce shayi da burodi, da rana kuma taliya da manja da yaji. Sai ya girgiza min gorarsa: "Amma Yaya, wannan fa sau uku nake sha a rana."

Kuskurensa shi ne uban kurakuran: ya ɗauki garin a matsayin magani, alhali abinci ne. Wanda aka fi sayarwa, mai suna whey, daga madara ake fitar da shi. Duk wanda ya taɓa ganin ana yin cuku ya san ruwan nan mai ɗan fatsi-fatsi da ke tsiyayewa bayan madarar ta dunƙule. Shi ake tacewa a busar ya zama gari. Cokalin awon da ke cikin robar, mai ɗaukar kamar giram 30, yana ba da furotin giram 20 zuwa 25, wato kwatankwacin ƙwai huɗu. Ba wani sirri bayan wannan. Ba allura ba ce, kuma ba shi da dangantaka da ƙwayoyin ƙibar nan da ake kira sha-ka-fashe. Amfaninsa ɗaya ne, cike giɓin da abinci ya bari.

To amma ta yaya mutum zai cike giɓin da bai auna ba? Nan ne kusan kowa ke tuntuɓe. Baligin da ba ya atisaye yana buƙatar kamar giram 0.8 na furotin a kan kowane kilo na nauyinsa a rana. Mai ɗaga ƙarfe ya fi haka buƙata. A 2018 masu bincike na Jami'ar McMaster da ke Kanada da abokan aikinsu sun tattara gwaje-gwaje 49, suka ga cewa ƙarin furotin na taimakon ginin tsoka, amma daga kusan giram 1.6 a kowane kilo ribar takan tsaya cak. Saboda haka mai kilo 65 zai nemi giram 104 ko kusa da haka.

Ka ɗauki biro ka lissafa abincin kwana ɗaya. Ƙwai uku a wurin mai shayi, giram 18. Kofin madara, 8. Kofi guda na dafaffen wake a cikin garau-garau, kamar 13. Kifi ko kaza giram 100, kamar 25. Gyaɗa cike da hannu, 7. Burodi da shinkafa da tuwo su ma ba fanko ba ne, za su ƙara kamar 15 a wuni. Ka ga an kai 86. Abin da ya rage bai wuce cokali ɗaya ba. Idan kuma ka ƙara kindirmo, ko awara, ko tsinke biyu na tsire da dare, ƙila ma ba ka buƙatar garin gaba ɗaya. Ni dai a ganina, mai kuɗi ƙalilan gara ya zuba su a kiret ɗin ƙwai da mudun wake, musamman da yake farashin kayan da ake shigowa da su na bin dala. Garin ya fi amfani ga wanda wuninsa ke ƙarewa a shago ko ofis, ko ɗalibin da ba shi da inda zai dafa, ko mai ƙarancin ci.

Sai batun lokaci. Za ka ga mutum ya ajiye ƙarfe ya ruga wajen jaka yana haki, wai idan minti 30 ya wuce bai sha ba aikin ranar ya tafi a banza. Wani nazari da aka wallafa a 2013 ya duba wannan, ya gano cewa jimillar furotin na wuni ita ce ke da tasiri, ba daidai mintin da aka sha ba. Idan ka ci abinci mai kyau awa biyu kafin atisaye, ka yi wankanka a tsanake. Wanda ya kamata ya ɗan hanzarta shi ne mai fita bayan sallar asuba cikinsa wayam. Abin da ya fi dacewa shi ne a rarraba furotin a kan abinci uku ko huɗu, kowanne giram 20 zuwa 40, maimakon a narka cokali uku a gora ɗaya a ɗaɗɗake. Haka kuma kada ka cika ciki da shi dab da fara atisaye, musamman wanda aka dama da madara. Za ka yi ta gyatsa a ƙarƙashin ƙarfe.

Ranar hutu ma ana sha, in giɓin na nan. Tsoka a lokacin hutu take gyara kanta, ba lokacin da ake wahalar da ita ba.

Da azumi mutane da yawa sukan rikice. Mafi sauƙi: ka yi buɗa-baki da dabino da ruwa, ka ci abincinka, ka yi atisaye bayan tarawi, sannan ka sha cokali ɗaya. Ko ka bar shi sai sahur tare da abinci. Kada dai ya maye gurbin sahur ɗin, domin ba zai riƙe ka har magariba ba.

Wani kuskuren a kanti ake yin sa. Siririn yaro ya ga ƙatuwar roba an rubuta Mass Gainer, ga hoton ƙato a jiki, ga ta da araha idan aka kwatanta girma, sai ya rungumo. Yawancin abin da ke ciki sitaci ne da sukari, kuma awo ɗaya na wasu yakan haura kalori 1,000. Mai tumbi da ya sha wannan, tumbin zai ƙara wa jari. Siririn kuwa, fura da nono da ayaba da gyaɗa za su yi masa aikin da kuɗi kaɗan. Ka juya bayan robar ka karanta: giram nawa ne awo ɗaya, furotin nawa ne a ciki? Idan bai kai kashi biyu cikin uku ba, ba garin furotin ba ne zalla.

Kuma ka yi hattara da jabu. Ko a Amurka, inda da yawa daga waɗannan kayan ke fitowa, dokar 1994 ba ta wajabta wa hukumar FDA mai kula da abinci da magunguna ta amince da su kafin su shiga kasuwa ba, balle wanda aka ƙulla maka a leda ba suna ba kwanan wata. Ka duba lambar NAFDAC, da ranar lalacewa, da murfin ciki ko an taɓa ɓalle shi. Tambarin gwaji irin su Informed Sport ko NSF alama ce mai kyau. Mai kula da halal ya nemi tambarinsa, tunda a wajen yin cuku akan yi amfani da sinadarin da ake samu daga cikin dabba.

Akwai masu dainawa bayan kwana uku saboda kumburin ciki da gudawa, su ce garin bai karɓe su ba. Sau da yawa sukarin madara ne, wanda cikin manya da yawa a cikinmu ba ya iya narkarwa. In ka san madarar gari na murɗa maka ciki alhali kindirmo ba ya yi, to ga amsarka. Ka koma wanda aka rubuta wa isolate, an tace masa mafi yawan sukarin, ko na waken suya. Ka fara da rabin cokali, ka dama da ruwa.

Mata kuma su kwantar da hankali, cokali ɗaya a rana ba zai fito wa kowa da ƙwanji irin na 'yan dambe ba. Mai son rage ƙiba dai ta tuna cewa cokalin na ɗauke da kalori kamar 120; idan ƙari ne a kan duk abin da aka saba ci, sikeli ba zai sauka ba.

Inda ba na wasa shi ne ƙoda. Bincike bai nuna cewa wannan adadin na cutar da mai lafiyayyar ƙoda ba. Amma mai ciwon ƙoda, da mai ciwon suga ko hawan jini da ya daɗe, da mai juna biyu, su ga likita tukuna. Ciwon ƙoda kan yi nisa ba tare da mutum ya ji komai ba, don haka gwajin jini ya fi "ai ni lafiyata ƙalau". Yaran da ba su kai 18 ba kuwa, a bar su da tukunyar gida.

Saurayin nan da na fara da shi, da muka zauna sai na gano ko tsarin atisaye ba shi da shi. Yau ƙirji, gobe ƙirji, jibi damtse, ƙafa kuwa ko oho, barci sai ƙarfe biyu na dare. Ba garin da zai gyara wannan. Tsoka na girma ne idan ana ƙara mata nauyi sannu a hankali, kwana uku a mako ya isa ga sabon shiga, da barcin awa bakwai zuwa sama. Muka mayar da shi cokali ɗaya, ƙwai uku da safe, wake da rana. Robar da yake cinyewa a kwana goma ta koma kai shi wata guda.

Abu biyu ƙanana. Kada ka zuba garin a tafasasshen koko, zai dunƙule kamar ɗanwake. Furotin ɗin bai lalace ba, amma ba za ka so haɗiyarsa ba. Ka bari ya huce, ko ka fara kwaɓa shi da ruwan sanyi. Sannan ka tafi da garin a bushe, ka zuba ruwa lokacin sha, ka kuma wanke gorar nan take. Na taɓa mance tawa a but ɗin mota kwana biyu cikin zafin Afrilu. Na wanke da omo, na jiƙa da ruwan zafi, na sa lemon tsami. Ƙarshenta a bola ta kwana.