Darasi Na 7: Koya Wa Kwikwiyo Inda Zai Yi Fitsari Da Kashi

'Yan uwa ɗalibai, iyayenmu maza da mata, darasin yau na masu ajiye kare ne saboda gadi, kuma a nan Jos gidaje da yawa suna yi, daga Rikkos har Bukuru. Abin da ke kawo rigima shi ne kwikwiyo ya zo yana ɓata tsakar gida, yau ƙofar kicin gobe kusa da inda ake alwala, uwargida ta ce wallahi sai a mayar da shi inda aka ɗauko shi. Toh abin yana da gyara, amma gyaran a hannun mai shi yake.

Da farko kar a raba shi da uwarsa sai ya cika sati 8. Ranar da ya iso gida a zaɓa masa waje ɗaya a bayan gida, mai ƙasa ko yashi, nesa da rijiya da wurin girki da inda yara ke wasa. Wannan wajen ba a canza shi.

Kwikwiyo bai iya riƙe fitsari ba, mararsa ƙarama ce. Lissafin da ake yi shi ne kusan awa 1 ga kowane wata na haihuwarsa, wato ɗan wata 2 awa 2, ɗan wata 3 awa 3, fiye da haka an ɗora masa abin da ba zai iya ba. Saboda haka kai ne za ka riga shi. Da ya tashi daga barci ka kai shi wajen, ya gama cin abinci kar ka bari rabin awa ta wuce, ya gama guje-guje da yara ma haka. Kuma ka sa masa ido, in ka ga ya bar wasa ya sa hanci a ƙasa yana shinshine-shinshine yana zagaye wuri ɗaya, to kar ka tsaya neman takalmi, kai shi yanzun nan. In kun je ka tsaya shiru, ka riƙa faɗin kalma ɗaya kullum, misali "yi nan", da ya gama a take ka yaba masa da murya mai daɗi ka jefa masa ɗan guntun nama ko busasshen kifi. A take fa, in ka bari sai kun dawo tsakar gida ba zai san ladan mene ne ba.

Abinci a ba shi sau 3 ko 4 a rana a kan lokaci, a kwanonsa shi kaɗai, ya ci a ɗauke. Mai cin abinci a kan lokaci a kan lokaci yake kashi. Kuma dan Allah banda miya mai albasa da yawa da ƙashin kaza dafaffe, suna cutar da shi.

Maganar dare ita ce mai wuya, musamman da sanyin Jos na Disamba da Janairu, wa yake son fita daga bargo ƙarfe 2 na dare? Amma satittikan farko sai an daure. A sama masa ɗan keji ko akwatin katako wanda zai iya tsayawa ya juya ya kwanta, a shimfiɗa buhu da tsohon bargo, a ajiye inda iska ba ta bugawa. Kare ba ya son ɓata makwancinsa, shi ya sa zai yi kuka, in kun ji a fitar da shi ya yi a dawo da shi ba wasa. Kar dai a kulle shi a ciki wuni guda, wannan zalunci ne.

Yanzu duka. Mutane da yawa in sun tarar da ɓarna sai su ɗauko bulala ko su goga masa hanci a ciki, ni dai ina roƙonku ku bar wannan. Kamar yaron da ake koya wa zama a fo ne, tsoro ba ya koya masa komai, abin da zai koya kawai shi ne ya riƙa ɓuya bayan randa ko ƙarƙashin mota yana yi. In ka kama shi yana cikin yi ka tafa hannu sau ɗaya ka kai shi wajensa. In kuwa ya riga ya gama, shikenan, a wanke wurin da omo da ruwa sosai a bi da ɗan Hypo a ɗauraye, don in warin ya rage nan zai dawo. Yawanci sai wata 4 zuwa 6 kafin ya gane sarai, wani ya fi haka.

Kashinsa a kwashe kullum da shebur a binne, a wanke hannu da sabulu, saboda ƙwan tsutsar ciki da ke cikinsa yana kama yara. A kai shi asibitin dabbobi a ba shi maganin tsutsa da alluran rigakafi, ta haukan kare ana yi in ya cika wata 3, ga cibiyar binciken dabbobi ta Vom nan kusa da mu tun 1924, ba mu da uzuri. In yana zawo da jini ko amai kar a jira gobe.

Aikin gida: ku ja layi biyu a littafinku, gefe ɗaya ku rubuta ƙarfe nawa ya ci abinci, ɗaya gefen ƙarfe nawa ya yi kashi, na kwana 7. Wanda ba shi da kare ya zauna da wanda yake da shi su rubuta tare, ku zo da shi aji mu karanta.