Yadda Za Ka Riƙa Jin Labarin Sababbin Littattafai a Kano Kafin Su Wuce Ka

Abin da ke ci wa mai son karatu tuwo a ƙwarya a garin nan ba ƙarancin littattafai ba ne. Ana rubutawa, ana bugawa, kullum injinan ɗab'i suna aiki. Inda gizo ke saƙar shi ne jin labarin fitowarsu. Littafi zai fito, a buga kwafi kaɗan, a ƙaddamar da shi ranar Asabar a wani zaure, manyan baƙi su sayi nasu, ragowar ya watsu a shaguna biyu ko uku. Kafin labari ya iso kunnenka an ce maka ya ƙare, kuma ba lalle a sake bugawa ba. Labarin littafi a Kano baki da baki yake tafiya, kamar labarin farashin hatsi a Dawanau. Wanda ya zauna yana jiran ya zo ya same shi har ɗaki zai daɗe bai ji komai ba. Ga hanyar da nake bi, mataki-mataki.

Mataki na farko: ka tsayar da fagen da kake so

Ba wanda zai iya bin komai. Zaɓi fage biyu ko uku: ƙagaggun labarai na Hausa, tarihi, littattafan addini, waƙa, ko adabin Afirka da ake rubutawa da Ingilishi. Idan ka san abin da kake nema, za ka san ƙofar da za ka ƙwanƙwasa, don mai sayar da littattafan fiƙihu da mai sayar da na soyayya ba layinsu ɗaya ba.

Mataki na biyu: ka yi mai shago

Wannan shi ne ginshiƙin komai, kuma shi mutane suka fi rainawa tun da waya ta shigo. Yadda kowane magidanci yake da mahaucinsa da telansa, haka ya kamata mai karatu ya kasance da mai littattafansa.

Idan littattafan addini ne da na Larabci, nufi Kasuwar Kurmi, wadda take ci tun zamanin Sarki Muhammadu Rumfa a ƙarni na 15. A layin 'yan littattafai za ka ga bugun Misira da bugun Beirut jere da ƙananan littattafan ajami da ake bugawa a gida. Idan na boko ne, na makaranta da ƙagaggun labarai, Sabon Gari da kewayenta za ka dosa. Kada kuma ka raina masu shimfiɗa tabarma a bakin masallatan Juma'a. Sau da yawa a wurinsu ƙaramin littafin wani malami yake fara bayyana kafin ya shiga shago.

Ga yadda ake ƙulla abin. Ka zaɓi mutum ɗaya wanda ka lura yana karanta abin da yake sayarwa. Gane shi ba wuya: tambaye shi abin da ke cikin wani littafi, idan ya ba ka labari, ka samu mutum, idan ya ce maka "ai yana tafiya sosai" kawai, ɗan kasuwa ne zalla. Ka sayi wani abu a wurinsa ko ƙarami ne, kada zuwan farko ya zama na tambaya kaɗai. Zuwa na biyu ka zauna a benci ku gaisa sosai. Sai a na uku za ka bar masa lambar wayarka.

Nawa mai shagon dattijo ne, yana zaune tsakanin tarin littattafan da ya ɗaure da igiya, tabarau a kan karan hanci. Duk ranar da na je, bayan gaisuwa sai in ce, "Baba, me ya sauka?" Sai ya miƙa hannu ƙarƙashin teburi, ya jawo wata leda, ya ce, "Malam, wannan na ajiye maka, guda biyar aka kawo, uku sun tafi." Ba wata manhaja da za ta yi maka wannan. Ya san marubucin da ya kai aikinsa maɗaba'a, ya san wanda kuɗin takarda ya tsayar, ya san littafin da aka sake bugawa aka cire masa babi. Amma ka riƙe amana. Idan ka ce a ajiye maka, ka je ka karɓa, don jarinsa ne ka ɗaure.

Mataki na uku: ka ajiye ɗan littafin rubutu

Abin da aka ji ba a rubuta ba, iska ce. Sami ƙaramin littafin rubutu da zai shiga aljihun gaban riga, ko ka buɗe shafi guda a wayarka. Duk littafin da ka ji labarinsa, rubuta sunansa, da sunan marubuci, da maɗaba'a, da shekara, da inda ka ji, da kuɗinsa in an faɗa. "Inda ka ji" ɗin nan yana da amfani ƙwarai, domin bayan wata shida za ka gane bakin wa ke kai ka ga littafi mai kyau, bakin wa ke ɓata maka kuɗi.

Idan littafin yana da lambar ISBN, haɗa da ita. Lambobi 13 ne a bangon baya, kuma Babban Ɗakin Karatu na Ƙasa ne ke bayar da ita ga maɗaba'un Najeriya. Waɗanda aka yi wa rajista a ƙasar nan za ka ga suna farawa da 978 har sau biyu. Da yawan littattafan Hausa na kasuwa ba su da ita, shi ya sa sunan maɗaba'a da hoton bango suke da muhimmanci. Ka ɗauki hoton bangon, gaba da baya.

Mataki na huɗu: jarida da rediyo

Tun 1939 da Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa a Zariya, jarida da littafin Hausa tare suke tafiya. A yau ka riƙa duba Aminiya, wadda ta fara fitowa a 2006, da Leadership Hausa, musamman hirarrakin da suke yi da marubuta. Na Ingilishi kuwa, jaridun ƙarshen mako su ne ke ware shafukan adabi da sharhin littattafai. Ba sai ka karanta jarida duka ba, je kai tsaye shafin da ka zo nema, ka kwashe sunaye ka zuba a littafin rubutunka.

Kano garin rediyo ne. Tashoshin gida irin su Rediyon Kano da Freedom da sauransu sukan sanar da bukukuwan ƙaddamarwa, akwai kuma shirye-shiryen da ake karanta ƙagaggun labarai a cikinsu. Ga uwar gida da ba ta cika fita kasuwa ba, wannan babbar taga ce. Ki saurari babi biyu ko uku, in labarin ya kama ki, ki aika a sayo miki. Sassan Hausa na BBC da DW da RFI su ma sukan tattauna da marubuta lokaci zuwa lokaci.

Mataki na biyar: waya, amma da linzami

Gaskiya a faɗe ta, kaso mai yawa na sabon rubutun Hausa yanzu ba ya ganin takarda. Marubuta, galibinsu mata, suna sakin labari shafi-shafi a zaurukan WhatsApp da Facebook da Telegram da Wattpad, da manhajoji irin su ArewaBooks. Sukan ba da farkon kyauta, sauran a biya. Wasu kuma ana karanta su da murya a YouTube. Wanda ya kau da kai daga wannan duniyar ya kau da kai daga rabin adabin zamaninsa.

Sai dai wurin yana da yawan hayaniya. Abin da nake ba da shawara shi ne ka shiga zaure biyu kawai, ɗaya na marubuta, ɗaya na makaranta masu sharhi. Ka kashe musu ƙara, ka sa musu lokaci, misali bayan sallar isha'i na minti ashirin. Ka bi shafukan marubutan da kake so kai tsaye, da na maɗaba'u, don daga can sanarwa ta gaskiya take fitowa. Na Ingilishi kuwa, shafin makaranta littattafai na Goodreads zai nuna maka abin da ke tafe, kuma kana iya sa sunan marubuci a Google Alerts a riƙa aiko maka da saƙo duk lokacin da aka ambace shi.

Abu biyu zan ja kunne a kai. Na ɗaya, kada ka biya kuɗin littafin da ba a gama rubutawa ba, sai ga marubucin da ka san ya saba kammala aikinsa. Na taɓa biyan kuɗin wani labari da ya kama ni ƙwarai, muna tsakiyar bi aka daina saki, zauren ya yi tsit, har yau ban san yadda aka ƙare ba. Ba kuɗin ne suka dame ni ba, rataye ni da aka yi ne. Tambayi tsofaffin 'yan zaure kafin ka tura ko sisi.

Na biyu, littafin da marubuciya ta sa wa kuɗi, ka ga ana yawo da shi kyauta, wannan kayan sata ne ko da sunan zumunci aka turo maka. Mace ta hana idonta barci wata da watanni, ta sayi data, ta yi caji a shagon mai janareta, sannan mutum ɗaya ya biya ya raba wa ɗari. Haƙƙi ne. Kuma mu makaranta muke cutuwa a ƙarshe, don wadda ba ta ga amfanin wahalarta ba ajiye alƙalami za ta yi.

Ka kuma tuna cewa abin da ke kan manhaja ba naka ba ne har abada. OkadaBooks, wadda marubutan Najeriya da yawa suka dogara da ita, ta rufe a ƙarshen 2023. Littafin da ka ƙaunata, in akwai shi a takarda, ka mallake shi a takarda.

Mataki na shida: ka san kalandar shekara

Labarin littafi yana da kaka kamar amfanin gona. Gasar Hikayata ta BBC Hausa, wadda aka fara a 2016 domin mata marubuta, tana fito da sababbin sunaye duk shekara, kuma akan karanta zaɓaɓɓun labaran a rediyo. Rubuta sunayen nan, har da waɗanda ba su zo na ɗaya ba, don a cikinsu ake samun masu littattafan gobe. Gasar adabi ta kamfanin iskar gas na NLNG, da aka fara a 2004, mai kyautar dala 100,000, tana zagayawa tsakanin ƙagaggen labari da waƙa da wasan kwaikwayo da adabin yara. Da Ingilishi ake shigarta, kuma a watan Oktoba ake sanar da gwani. Ni jerin farko mai tsawo na littattafan da suka tsallake tantancewa na fi dubawa, ya fi sunan gwani amfani ga mai neman abin karantawa. A Oktoban ne kuma ake sanar da kyautar Nobel ta adabi.

Sa alama a 23 ga Afrilu, Ranar Littafi ta Duniya, da 26 ga Agusta, Ranar Hausa ta Duniya, don a irin waɗannan ranaku ake shirya taruka da baje kolin littattafai. Gab da azumi kuma ka leƙa Kurmi, lokacin ne kasuwar littattafan tafsiri da hadisi take tashi.

Taruka su ne inda za ka ji littafi tun yana cikin ciki. Ƙungiyar Marubuta ta Najeriya, wato ANA, tana da reshe a Kano, kuma a zamanta marubuta kan karanta abin da suke kan rubutawa a yi musu gyara. Ba sai kai marubuci ne ba, je ka zauna a baya ka saurara. Gidan Mambayya da ke Gwammaja yakan karɓi laccoci da ƙaddamar da littattafai. A Jami'ar Bayero kuwa, ka riƙa leƙa allon sanarwa na Sashen Harsunan Najeriya, ka tambayi sabon fitowar mujallun nazari irin su Algaita da Harsunan Nijeriya. A ƙarshen kowace maƙala akwai jerin littattafan da aka duba, kuma daga nan na tsinci sunaye da yawa da ban taɓa ji a kasuwa ba. Wata dabara: a wurin ƙaddamarwa kuɗin littafi na masu hannu da shuni ne. Ka jira a watse, ka sami marubucin ko wakilinsa ka tambayi shagon da za a kai da kuɗin kasuwa.

Mataki na bakwai: ka tace, sannan ka saya

Yanzu littafin rubutunka ya cika, aljihu kuwa bai cika ba, ga tsadar takarda ta sa kuɗin littafi ya yi sama. Ƙarshen kowane wata ka zauna ka bi jerin. Wanda ka ji daga baki biyu mabambanta, sa masa alama. Wanda tallarsa kawai ka gani, bar shi ya ƙara wata guda. Ka ware abin da za ka iya, ko kuɗin littafi ɗaya ne, ka cire shi tun ranar da kuɗi suka shigo hannunka.

Sauran kuma a nema ta wata hanya. Yi rajista a Ɗakin Karatu na Murtala Muhammad da ke kan titin Ahmadu Bello, ka saba da ma'aikatan wurin, ka riƙa tambayarsu abin da ya shigo. Ku haɗu ku huɗu ko biyar a unguwa ko wurin aiki, kowa ya sayi daban, ku riƙa musaya, kamar yadda 'yan mata suke yi da littattafan haya tun shekarun 1990. A rubuta wanda ya ara da ranar da ya ara, don aron littafi ya sha raba abokai.

Ranar da ka je saye, kada ka biya sai ka buɗe. Duba lambobin shafi daga farko zuwa ƙarshe, don akan tsallake wasu ko a maimaita wajen ɗinki. Ka ɗaga shafi ɗaya sama ka gani ko rubutun baya yana ratsowa. Idan tawada ta yi dishi-dishi, hoton bango ya yi fari-fari, kuɗin kuma ya yi araha fiye da kima, to bugun sata ne, mayar da shi. In littafin mai juzu'i ne, na ɗaya da na biyu da na uku, tambayi mai shago ko duka sun fito, ka haɗa su a leda ɗaya kafin ka tashi daga bencin.