Yadda Ake Sanar da Masu Amfani Sabuntawar Tsaro da Za Ta Tsayar Musu da Wani Aiki

Akwai gyaran tsaro da ba ya yiwuwa sai an rufe wata ƙofa da mutane suka saba bi. Idan mai kula da manhaja ya rufe ta shiru, wanda ya wayi gari aikinsa ya tsaya cak zai koma tsohuwar siga, kuma daga ranar zai riƙa ɗari-ɗari da kowace sabuntawa, ɓarakar da aka so toshewa kuwa tana nan a buɗe a na'urarsa.

Mataki na farko shi ne ka tantance ainihin abin da zai daina aiki da kuma waɗanda abin zai shafa, ka rubuta shi a jimla ɗaya da mai kula da uwar garke zai fahimta ba sai ya buɗe lambobin manhajar ba. Cewa "an inganta tsaro" ba ta gaya wa kowa komai.

Na biyu, ka sanar tun da wuri, kuma ka yi ta maimaitawa. A nan OpenSSH, manhajar da ake shiga wata kwamfuta daga nesa da ita cikin tsaro, ta cancanci koyi. Tun a siga ta 8.2, a watan Fabrairu na 2020, masu kula da ita suka rubuta cewa za su kashe sa hannun ssh-rsa, wata hanyar tantance na'ura ko mai shiga, mai dogaro da tsohon lissafin tsaron da ake kira SHA-1, domin karya SHA-1 ya zama abu mai yiwuwa da kuɗin da bai fi ƙarfin masu kutse ba. Suka ci gaba da sanya wannan gargaɗi a sigogin da suka biyo baya, ba su aiwatar ba sai a siga ta 8.8, a watan Satumba na 2021. Sama da shekara ɗaya da rabi ke nan, kuma a ganina wannan tazara ita ce ta hana sauyin zama bala'i ga masu tsofaffin na'urori.

Na uku, ka ba mutum hanyar da zai gwada kansa kafin ranar ta zo. OpenSSH ta haɗa gargaɗinta da umarni guda da za a rubuta a ga ko uwar garken za ta ci gaba da karɓar haɗi. Microsoft ta bi wata hanyar a kan Zerologon, wata ɓaraka a uwar garken Windows: gyaran watan Agusta na 2020 ya riƙa rubuta na'urorin da ke haɗuwa ta hanya mara tsaro a kundin abubuwan da suka faru, sannan aka tilasta toshe su a watan Fabrairu na 2021.

Na huɗu, ka sa sauyin a saman takardar sanarwa ƙarƙashin kansa na daban, kada ya ɓace a tsakanin ƙananan gyare-gyare ashirin. Idan kana bin tsarin lambar siga mai kashi uku (irin 2.16.0), ka ƙara lambar farko, wadda ke nuna sauyin da zai iya tsayar da tsohon aiki.

Na biyar, ka faɗi yadda za a maido da tsohon halin na ɗan lokaci ga wanda ba shi da mafita, amma ka faɗi haɗarin a fili, ka kuma nuna yadda za a taƙaita shi ga na'ura ɗaya maimakon buɗe shi ga duka.

Wani lokaci babu sararin yin duk wannan. A watan Disamba na 2021, lokacin da ake ta kai hari ta ɓarakar Log4j, manhajar da wasu manhajoji ke rubuta kundin ayyukansu da ita, siga ta 2.16.0 ta kashe JNDI, hanyar ɗauko bayanai daga wata na'ura da ake bi a kai harin, daga tushe cikin 'yan kwanaki. A irin wannan hali, ka fitar da gyaran tare da sanarwar a lokaci guda, ka jera abin da zai tsaya da abin da za a yi a madadinsa, sannan ka ajiye bayanin yadda ake cin gajiyar ɓarakar har sai mutane sun samu damar sabuntawa.