Kurakuran da muke yi wajen tattara tarihin garuruwanmu a ƙasar Sakkwato

Kwanakin baya ƙanena ya turo mini hoto ta WhatsApp: wani dattijo da rawani da carbi, an rubuta a ƙasa wai Shehu Usmanu Ɗanfodiyo ne a Degel. Da zuciya ɗaya ya turo shi, har da addu'a. Na kira shi na ce, "Auta, goge wannan, kada ka ƙara tura wa kowa." Shehu ya rasu a 1817, ƙanensa Malam Abdullahi na Gwandu a 1829, Sarkin Musulmi Muhammadu Bello a Wurno a 1837. Ita kuwa sana'ar ɗaukar hoto sai a 1839 aka bayyana ta ga jama'a a Faransa. Ke nan duk hoton da aka ce na ɗayansu ne, na wani bawan Allah ne daban, ko kuma kwamfuta ce ta ƙera shi.

Ina jin daɗin yadda samarinmu suka tashi tsaye suna rubuta labarin garuruwansu, daga Tambuwal har Illela, daga Silame har Isa. Abin da ke damuna shi ne, abin da aka rubuta yau da ganganci, gobe shi jikoki za su riƙa a matsayin gaskiya, lokacin da babu sauran tsohon da zai ce ba haka aka yi ba. Hoton nan ma ƙaramin abu ne, don ana iya gano shi cikin minti ɗaya. Manyan kurakuran suna can wajen zama da tsofaffi.

Wanda ya fi yawa shi ne yin tambaya da amsarta a ciki. Yaro ya je gaban dattijo ya ce, "Baba, ai Shehu ya yada zango a garin nan, ko?" To me kake so ya ce? Ba zai kunyata ka ba, ba zai kuma rage wa garinsu daraja ba. Zai ce ƙwarai kuwa, ka dawo ka rubuta, alhali maganarka ce ka ɗauko daga bakinsa. Ka ce masa, "Baba, me kuka ji iyayenku suna faɗa game da kafuwar garin nan?" sannan ka kama bakinka. Idan ya yi shiru, bar shi da shirunsa, tunani yake yi. Idan ya karkata ya shiga labarin wata rijiya ko wata tsamiya da aka sare, kada ka tare shi, sau da yawa nan tarihin yake. In ya gama, akwai tambaya guda da ba a barin ta: "Daga wa kuka ji wannan?" Wanda ya gani da idonsa daban, wanda ya ji daga kakansa daban, wanda kuma ya ji a rediyo shekarun baya ya haɗa da nasa, shi ma daban. Duk ukun suna da amfani, amma dole ka san wanne ke hannunka, ka kuma rubuta shi haka.

Wurin zaman ma yana canza magana. Ladabi ne ka fara da gaida hakimi ko maigari da liman, ka kai goronka, ka faɗi abin da ya kawo ka. Amma idan a zauren maigari ka yi hirarka duka, labarin gidan sarauta kaɗai za ka kwaso, domin ba mai musa wa maigari a gabansa. Bayan ka fito, bi mutane gidajensu ɗaya bayan ɗaya. Je wurin maƙera da majema da marina, je wurin masunta idan garin na bakin gulbi ne, je rugar Fulanin da ke gefen gari. Kada ka je da safiyar damina mutum na haramar gona, ko ranar kasuwar garin. Bayan la'asar ya fi. Kuma kada ka kunna waya ka ɗauki muryar mutum bai sani ba.

Sai mata. Wannan yana ci mini rai, domin a ƙasar Nana Asma'u muke, wadda ta rasu a 1864 bayan ta kafa tsarin 'Yan Taru, jajojinta suna bin ƙauyuka suna karantar da mata. Duk da haka sai ka ga an rubuta tarihin gari sukutum ba a tambayi tsohuwa ko ɗaya ba. Su ne fa suka riƙe wa ya auri wa, wane gida ne ya taso daga Adar, wane ne ya zo daga Kabi, me aka ci a shekarar yunwa, wace waƙa ake yi wajen daka da niƙa. Idan kai namiji ne kuma gidan ba na shigarka ba ne, tura ƙanwarka ko matarka da tambayoyin.

Kan shekaru kuwa, kada ka matsa wa tsoho ya ba ka lamba. Idan ka matsa zai ba ka, don ka ƙyale shi. Tsofaffinmu da aukuwa suke lissafi. Kakata, Allah ya jiƙanta, ba ta taɓa faɗa mini shekarar da aka haifi mahaifina ba, abin da takan ce shi ne, "Sa'ad da anka kashe Sardauna ina da cikin ubanka." Wannan ya wadatar, tunda an kashe Sardauna ranar 15 ga Janairu, 1966. Aikinka ne ka riƙe irin waɗannan turaku a kanka. Turawa sun ci Sakkwato a watan Maris na 1903. Yaƙin Satiru 1906. Yunwar Kakalaba 1914. Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu ya yi sarauta daga 1931 zuwa 1938, Abubakar na Uku daga 1938 zuwa 1988. An koma tuƙi ta hannun dama a 1972, naira ta maye gurbin fam a farkon 1973, an kashe Murtala a 1976. Ambaliyar da ta yanke hanyar zuwa mazaunin dindindin na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a 2010 aka yi ta. Da "zamanin Sarki Abubakar" kaɗai ba ka kama komai ba, shekara hamsin ce. Sai ka ƙara tambaya: lokacin da sule ake ciniki ko da naira? Kin yi aure ko kina gida? A rubutunka kuma ka bar maganarta yadda ta faɗa, ka sa shekarar a gefe, a san lissafinka ne.

Idan takarda ce ta Larabci ko ajami, shekarar da ke ciki ta Hijira ce, wani lokaci ma da haruffa aka rubuta ta, abin da malamai ke kira ramzi. Shekarar Hijira ta gaza ta Miladiyya da kwana goma sha ɗaya ko kusa da haka, don haka ba a ƙara 622 kawai a ce an gama. Rasuwar Shehu a 1232 ce ta Hijira. Wanda ya ƙara 622 zai sami 1854, ya yi kuskuren shekara talatin da bakwai. Kai wa malamin da ya san abin.

Akwai kuma rikicin suna, wanda ya kayar da mutane da yawa. A cikin Sarakunan Musulmi, Attahiru biyu ne a jere: na farko shi ne ya fita daga Sakkwato bayan yaƙi da Turawa, ya yi shahada a Burmi a watan Yuli na 1903, na biyu kuwa shi aka naɗa a bayansa, ya zauna har 1915. Aliyu biyu ne, Babba da Ƙarami. Abubakar Atiku ma biyu ne, na biyun shi ake ce wa na Rabah. Sarautar Sarkin Gobir tana Gwadabawa, tana Isa, tana Sabon Birni. Sarkin Kabi akwai na Argungu, akwai na Yabo. Sabon Birnin kansa akwai unguwa a cikin Sakkwato, akwai garin Gobirawa can gabas. Duk lokacin da tsoho ya ambaci sarauta, tambaye shi sunan yanka, da sunan uba, da garin. A takardun Turawa kuma sunayen sun karkace, Gwandu takan fito a matsayin Gando, Tambuwal a matsayin Tambawel. Wanda bai san haka ba sai ya ce ba a ambaci garinsu ba.

Wani abin da nake yawan gani shi ne mayar da 1804 farkon duniya, kamar kafin hijirar Shehu daga Degel zuwa Gudu ƙasar nan daji ce ba kowa. Kufan Surame, birnin Kanta na Kabi, yana nan da ganuwarsa ta duwatsu, ya girmi jihadi da ɗaruruwan shekaru. Alƙalawa babban birnin Gobir ce kafin a ci ta a 1808. Garuruwa da dama sun riga jihadi, wasu kuma ribaɗi ne da aka kafa a bayansa don tsaron iyaka, kamar Wurno. Kowanne yana da darajarsa, ba sai an jingina shi da abin da ba nasa ba. Birnin Sakkwato ma ana yawan cewa Shehu ne ya gina shi. Muhammadu Bello ne ya gina shi a 1809. Shehu ya zauna Sifawa, sai a 1815 ya koma Sakkwato, bai fi shekara biyu a ciki ba Allah ya karɓi abinsa. Idan mutanen garinku sun ce Shehu ya yi alwala a rijiyarsu, kada ka ƙaryata su, domin ya yi yawon wa'azi a Zamfara da Kabi shekaru da yawa kafin hijira. Rubuta "mutanen garin suna cewa", ka faɗi wanda ya gaya maka. Idan gida biyu sun saɓa kan wanda ya fara saran dajin, kawo maganar kowa. Ba alƙalanci aka aike ka ba.

Begen zamanin da kuwa, ni ma ina da shi. Ina kewar dandali da hasken farin wata, da hoce mai zafi, da sanyin ruwan randa a zaure. Amma idan tsoho ya ce da sisi yake cika ƙwarya da fura, tambaye shi nawa ake biyan ɗan ƙwadago a yini, kuma kwana nawa yake yi kafin sisin ya shigo hannunsa. Kwabo goma sha biyu ne sule, sule ashirin ne fam, fam ɗaya kuma ya zama naira biyu a 1973. Ba tare da wannan ba, farashin da ka rubuta ba ya nuna komai. Ka kuma tambayi haraji da jangali, da aikin tilas, da agana da sanƙarau da kurkunu, da matan da suka tafi wajen haihuwa. Waɗanda suka sha wannan wuya suka raine mu, ɓoye ta rage musu haƙƙi ne.

Sai dai ba duk abin da kunne ya ji ake bazawa ba. Za a gaya maka asalin wasu gidaje, da zancen bauta, da rigimar sarauta ko ta gona wadda har yau ba ta huce ba. Bauta ta faru a ƙasar nan, sunayen wurare irin su runji, wato ƙauyukan bayi, suna shaida, kuma ya kamata a rubuta yadda tsarin yake. Amma kama sunan gidan mutanen da suke raye, suna aurar da 'ya'yansu, ka watsa a Facebook, wannan ɓarna ce. Abin da aka gaya maka a matsayin sirri, bar shi a littafinka.

Wajen kwafe magana daga waya zuwa takarda, kada ka yi wa tsoho gyaran baki. Idan ya ce "munka tahi", kada ka mayar da shi "muka tafi". Idan ta ce "wanga gari" ko "ɗiyata", bar mata abinta. Sakkwatanci ba kuskure ba ne, shi ma yana cikin abin da kake ƙoƙarin adanawa. Bayaninka kai ka yi shi da daidaitacciyar Hausa.

Tsoffin takardun gida kuma, waɗanda ke cikin gafaka ko tsohon adaka, kada ka ce a ba ka aro. Kada ka liƙe yagaggen wuri da salatif, kada ka kai a rufe su da leda mai zafi, tawadar da takardar duk lalacewa suke yi. Ɗauki hoton kowane shafi a nan gaban mai su, bi da bi, kada ka hautsina jerin, tunda yawancinsu ba a ɗinke suke ba. Shafin ƙarshe ya fi kowanne, nan mai kwafi yakan sa sunansa. Don gwada abin da ka ji da abin da ke rubuce, akwai cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a nan Sakkwato, akwai sashen tarihi na jami'a, a Kaduna kuma akwai Gidan Arewa da ma'ajiyar takardun tarihi ta ƙasa, inda rahotannin Turawa kan gundumomin lardin Sakkwato suke.

Na taɓa zama da kakata yini uku ina ɗaukar muryarta, ta lissafo mini gidajen unguwarsu ɗaya bayan ɗaya da inda kowa ya fito. A waya guda na bar shi, ina cewa sai na sami sukuni in kwafe. Wayar ta faɗa ruwa, kafin shekara ta zagayo ita ma ta rasu, kuma rabin sunayen nan ban ƙara samun wanda ya san su ba. Yanzu duk hirar da na yi, a daren nake tura ta wuri biyu, in kwafe ta a littafi cikin makon. A farkon kowane ɗauka nakan faɗi ranar, da garin, da sunan mai maganar da na mahaifinsa, da sana'arsa. In na gama kwafewa nakan koma in karanta masa abin da na rubuta, ya gyara inda na ji ba daidai ba, in bar wa gidan kwafi guda.