Yadda zaki gyara tukunyar gidanki da abin da ke cikin rumbu

Wallahi abin da yake min ciwo a kauyukanmu shine ranar Lahadi sai kiga mace ta tattara kwan kajinta da wake mudu biyu ta bayar an kai kasuwar Gujungu, da yamma a dawo mata da taliyar leda da magi da lemon roba, alhali abin da ta sayar din nan shine mai gina jikin yaranta. Ki sayar mana, kudi dole ne, amma ki ware na gida tukunna.

Ki fara da garin kunu. Ki auna gero kofi 6, waken suya kofi 3, gyada kofi 1. Waken suyan ki jika shi ki murje bawon ki shanya ya bushe sosai, sannan ki soya a kasko sama sama har kamshi ya tashi ya dan yi ja, kar ki bari ya kone don zai yi daci yaro ya ki sha. Geron ki surfa ki wanke ki shanya shima ki dan soya. Gyadar kuwa yar uwa ki zauna ki tsince ta daya bayan daya akan faifai, duk wadda kika ga ta yi baki ko funfuna ko ta motse ki zubar, tana dauke da guba mai lalata hanta kuma wuta bata kashe ta. Sai ki hada ki kai inji, ki tankade, ki zuba a roba mai murfi inda danshi baya kaiwa.

Wajen damawa anan ne muke kuskure, muna tsinka kunu kamar ruwa, cikin yaro karami ne ruwan ya cika shi ba komai a ciki. Ki dama da kauri yadda in kin karkata cokali bazai zube nan take ba. Wannan ga yaron da ya kai wata 6 ne, kafin nan nonon uwa kadai, ko ruwa baya bukata.

Sai miya. Zogale da kuka da rama in zaki shanya ki shanya a inuwa akan tabarma mai tsafta, rana tana rage amfaninsu, ganyen da ya bushe yana nan kore shar shine mai kyau. Danyen ganye ki saka shi a karshe ya dan yi minti kadan ki sauke, kanwa kuma ki rage hannu. Manja kar ki soya shi har yayi hayaki, jan nan nasa shine mai taimakon ido. Daddawa ki kara, magi ki rage, gishiri ne cike a cikinsa kuma ga hawan jini ya yi yawa cikin iyayenmu. Gishirin ma ki sayi na leda mai ayodin saboda makoko. In ba nama ki daka busasshen kifi ko kuli kuli ki barbada, ko ki jefa wake a fate, ko kwadon zogale da yamma.

Masu ciki da masu shayarwa ku daina bin abinci da shayi nan take, yana hana jiki jan sinadarin da ke kara jini, ku bari a dau kamar awa daya. Gara ki bi da gwaba ko mangwaro ko ki matsa lemon tsami a wake.

Maigida kuma a fada masa cikin ladabi, ba duk tsokar ce zata tafi kwanonsa ba, a bar wa mai goyo da yan kanana rabonsu, kwai daya ma dafaffe in aka raba wa yara biyu da safe ya yi.