Yadda ake shirya wa sauyin sigar rumbun bayanai a masaukin haɗaka

Wanda ya kama hayar wuri a masaukin intanet na haɗaka, wato irin wanda kamfani ke zuba shafuka masu yawa a kan saba guda, wato babbar kwamfutar da ke ɗauke da shafuka, ya kamata ya san cewa manhajar rumbun bayanai ba tasa ba ce shi kaɗai. Kamar rijiyar gidan haya take: kowa yana ɗiba, amma mai gida ne ke sa ranar da za a yashe ta. A cPanel, shafin da ake sarrafa masauki da shi, galibi ana barin mutum ya zaɓi sigar PHP, harshen da ake rubuta manhajojin shafi da shi, da kansa, amma manhajar rumbun, wato MySQL ko MariaDB, guda ɗaya ce ke yi wa dukkan 'yan haya aiki, saboda haka ba ka da ikon ɗaga ta ko hana a ɗaga ta. Abin da ke hannunka shi ne shiri, kuma shi na koya wajen kula da shafin wata makaranta a wani ƙauye na yankin Gumel.

Ka fara da sanin sigar da kake kai. Shiga phpMyAdmin, manhajar duba rumbun bayanai, za ka gan ta a shafin farko, ko kuma ka rubuta SELECT VERSION() a akwatin SQL. Idan ka ga 5.7, ka sani Oracle, kamfanin da ya mallaki MySQL, ya daina gyara ta tun Oktoban 2023. Siga ta 8.0 ta fito a 2018, wa'adinta kuma Afrilun 2026 ne, sai 8.4 ta 2024 wadda aka tanada don dogon zango. MariaDB kuwa reshe ce da Michael Widenius ya ɓalle da ita daga MySQL a 2009, kuma lissafin lambobinta daban ne, don haka kada ka ɗauka MariaDB 10.6 ta fi MySQL 8.0 ci gaba don kawai goma ta fi takwas. Bayan haka ka duba abin da manhajarka take buƙata. Manhajar koyarwa ta Moodle 4.5, alal misali, ba ta karɓar ƙasa da MySQL 8.0 ko MariaDB 10.6.7.

Da zarar saƙon kamfani ya iso cewa za a sabunta, ka ɗauki kwafin ajiya a ranar, domin rumbun da aka ɗaga daga 5.7 zuwa 8.0 ba ya komawa baya sai ta hanyar kwafin da aka ɗauka tun farko. A phpMyAdmin ka danna Export, ka zaɓi Custom, ka matse fayil ɗin da gzip. Matsewar tana da muhimmanci a wurinmu, inda sabis kan ɗauke ana tsakiyar saukewa, fayil ya yanke, mutum yana zaton ya kammala. Ni nakan yi wannan aiki bayan sallar asuba, lokacin da layi bai cika ba kuma batirin sola bai mutu ba. Kada ka yarda da kwafin har sai ka buɗe sabon rumbu wanda babu komai a ciki, ka zuba shi, ka ƙirga teburan ka ga sun cika. Sannan ka ajiye ɗaya a filashi, domin kwafin da ke zaune a kan sabar da ake gyarawa bai tsira daga komai ba.

Inda aka fi samun matsala shi ne tsofaffin manhajoji da aka rubuta da hannu. MySQL 8.0 ta keɓe wasu kalmomi don amfanin kanta, cikinsu har da RANK da GROUPS. Wanda ya rubuta mana manhajar sakamakon jarrabawa ya sa wa ginshiƙin matsayin ɗalibi a aji suna rank, kuma washegarin sabuntawa shafin sakamako ya ƙi buɗewa, ga iyaye sun taru a bakin ofis suna jiran katin rahoto. Maganin bai wuce a kewaye sunan da alamar ` a duk inda ya fito cikin umarnin ba, amma sai da muka ɓata yini guda kafin mu gano. Ka binciki irin waɗannan sunaye tun kafin ranar.

Abu na biyu ya shafi mu masu rubutu da Hausa fiye da kowa. Tsarin haruffan da MySQL 5.7 ke zuwa da shi latin1 ne, na 8.0 kuwa utf8mb4. Idan an daɗe ana zuba rubutu a tebur mai latin1, sannan aka fitar da shi aka mayar ba tare da lura ba, haruffa masu lanƙwasa kan lalace: ƙ ta koma Æ™, ɗ ta koma É—. Saboda haka, a rumbun gwajin nan, ka nemo sunan ɗalibi mai ɗauke da ƙ ko ɗ ko ɓ, ka dube shi da idonka a kan shafi. Idan ya lalace, kada ka bi sunaye ɗaya bayan ɗaya kana gyarawa. Koma kan kwafin asali ka daidaita tsarin haruffan wajen fitarwa da wajen zubawa.

Akwai kuma ƙananan tarko guda biyu. MySQL 8.0 tana tantance kalmar sirri da caching_sha2_password, wadda PHP da ta gaza 7.4 ba ta iya magana da ita yadda ya kamata, don haka ka ɗaga PHP tukuna. Idan kuma kana ƙaura ne daga MySQL 8.0 zuwa tsohuwar MariaDB, ka ga kuskuren da ke ambaton utf8mb4_0900_ai_ci, buɗe fayil ɗin kwafin ka musanya wannan sunan da utf8mb4_unicode_ci ko'ina.

Kafin ranar, ka rubuta wa kamfanin ka tambaye su siga ta nawa za a koma, da ƙarfe nawa za a fara, da kuma ko suna da wata saba mai sabuwar sigar da za ka yi gwaji a kai. Idan ranar ta faɗo a makon shigar da maki, ka roƙi a mayar da asusunka wata saba ko a jinkirta maka, kuma ka hana malamai shigar da komai tun daga daren da ka ɗauki kwafin ƙarshe. Bayan an gama, ka sake duba sigar, ka shiga da asusun malami, ka shigar da maki ɗaya na gwaji, ka buga katin rahoto guda, sannan ka sanar da shugaban makaranta cewa a ci gaba da aiki.